Masu rukiyyar gida a Sakkwato: inda aikinsu ke da kyau da inda yake cutarwa

Kusan kowace unguwa a Sakkwato akwai gidan da ake cewa yana da motsi. Wani tsohon gidan ƙasa ne a cikin gari, wajen Kanwuri ko Ƙofar Rini, da magada suka rufe shekara da shekaru. Wani kuma sabon gini ne a Arkilla ko Mabera da aka gama aka bar shi ba kowa. Ƙorafin bai cika bambanta ba: ana jin takun tafiya a silin bayan isha'i, ana jifa bisa kwano, ƙofa na buɗe kanta, yaro ya farka yana kuka ya ce ya ga mutum tsaye a kansa, maigida ya ce an danne shi cikin barci. Sai raɗe-raɗi ya tashi, wasu su ce fatalwar wanda ya rasu a ɗakin ce, wasu su ce mutanen ɓoye ne suka riga masu gida tarewa. Daga nan sai a shiga neman masu rukiyyar gida, waɗanda galibinsu ke jingine da shagunan magungunan Musulunci da suka cika bakin titi da kasuwanni. Wannan sharhi a kan aikinsu yake, don mai shirin kiransu ya san abin da zai biya kuɗi a kai.

Aikin yakan zo kashi uku: tambayoyi da zagaya gida, sai karatu, sai kayan da za a sayar maka ka ci gaba da amfani da su. Kuɗin ma haka ake karkasa shi, akwai na zuwa, akwai sadakar karatu, akwai kuɗin kaya, kuma na ƙarshen nan shi ke cinye aljihu. Karɓar lada a kan rukiyya ba laifi ba ne, domin a Bukhari akwai labarin sahabin da ya karanta Fatiha ga shugaban wata ƙabila da wani abu mai dafi ya harba, aka ba su tumaki, Annabi (SAW) kuma ya amince. Abin da ya kamata shi ne a yanke magana tun kafin Malam ya baro shago: nawa ne zuwa, sau nawa za a zo, kayan dole ne ko ganin dama. Wanda ya ce sai ya ga ƙarfin abin da ke gidan kafin ya faɗi kuɗi, to kuɗin zai yi ta ƙaruwa gwargwadon tsoron da ya gani a fuskarka.

Karatun shi ne ɓangaren da muka yaba ba tare da wata tantama ba. Asalinsa tabbatacce ne: a Sahihu Muslim an hana mayar da gidaje kamar maƙabartu, aka kuma faɗi cewa shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara. Masu yin aikin da gaskiya suna zama a tsakar gida ko falo, a bayyane, iyali na ji, su karanta Baƙara daga farko har ƙarshe, su haɗa da Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, su kira salla in sun ga dama, sannan su yi addu'a. Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya riƙewa. Baƙara aya 286 ce, kusan izu biyar, kuma mai karatu a nitse sai ya ci awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan Malam ya shiga ɗaki shi kaɗai ya fito bayan minti goma sha biyar ya ce ya sauke ta, bai sauke ba. Akwai kuma masu zuwa da lasifika su kunna karatun wani alaramma su zauna suna danna waya. Sauraren Alƙur'ani alheri ne, amma wannan ba aikin da za a biya mutum a kai ba ne, ɗan gidan mai shekara goma zai iya kunnawa.

Wanda ya fi cancantar kuɗinsa a cikinsu shi ne wanda kafin ya tafi zai zaunar da uwargida da yara ya tabbatar sun iya Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara da azkar na safe da yamma, ya tuna musu rufe ƙofa da bisimilla, da rufe kwanukan abinci, da kashe wuta lokacin kwanciya, kamar yadda ya zo a hadisi. Irin wannan ba ya son ka dawo gare shi kowane wata. Kuma za ka ji yana gyara maganar fatalwa tun daga bakin zaure: ya ce Alhaji, aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, amma mamaci ba ya dawowa yawo cikin gida, akwai barzahu tsakaninsa da duniya har ranar tashi, kamar yadda yake a aya ta 100 ta Suratul Muminun. Wannan gyara kaɗai yana sauke wa iyali nauyi mai yawa, musamman matar da aka sa wa zargin cewa marigayi mijinta ne ke damun gidan don bai yafe mata ba.

Inda aikin ya fi rauni shi ne zagaya gida. Yawancinsu suna leƙa ɗakuna ne da ido, su tambayi ko akwai hotuna ko kare ko kiɗa, su wuce. Da wuya ka ga wanda ya nemi tsani da tocila ya buɗe murfin silin. Alhali mafi yawan ƙarar da ake kawo kuka a kanta daga can take fitowa, kuma kowace iri tana da alamarta.

A ɗauki jifa bisa kwano. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa, kwanon da ke fuskantar rana kuwa ya fi haka nesa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Fallen alminiyom mai tsawon mita 6, idan zafinsa ya sauka da digiri 40 tsakanin azahar da tsakar dare, yana tsukewa da kusan milimita biyar da rabi, na baƙin ƙarfe kuma kusan rabin haka. Ƙusa ta riƙe shi, don haka ba ya zamewa a hankali, sai ya tara ƙarfi ya fizge lokaci guda da ƙara kamar an jefa tsakuwa. Alamarsa ita ce yana yawaita daga magariba zuwa tsakar dare, ya sake dawowa da hantsi idan rana ta fara dukan rufi, kuma da gari ya waye ba za a ga dutse ko ɗaya a bisa kwano ko tsakar gida ba. Idan kuwa an ga duwatsu, to hannun mutum ne, a duba ta wane ɓangare suke faɗowa. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, katako ne ke magana: busasshiyar iska tana tsotse danshin azara da katakon rufi da ƙyaure, sai su riƙa ƙara, ƙofar da ke kamawa da damina ta koma sakwaf, iska kaɗan ta tura ta.

Takun tafiya a silin kuwa, in yana da nauyi da tsayawa, galibi gafiya ce ko muzuru. In gudu ne da ƙaraf-ƙaraf, ɓeraye ne, kuma za a ga kashinsu kamar ƙwayar baƙar shinkafa a bakin murfin. Jemagu suna da lokaci: hayaniyarsu tana tashi gab da magariba idan za su fita, da kuma asuba idan sun dawo, suna barin wari mai hawa kai da tabo ruwan ƙasa a jikin silin. Wadda ta fi firgita mutane ita ce farar mujiya, wadda ke son gidan da ba kowa. Kukanta tsawa ce mai tsawo kamar ihun mutum, 'ya'yanta kuma idan suna neman abinci suna wani huci da ke kama da minsharin mai barci. Iyali su ji minshari daga ɗakin da aka kulle tun rasuwar mai shi, ba mamaki su kwana zaure. Larabawan jahiliyya ma sun ɗauki wannan tsuntsu a matsayin ran mamaci, hadisi ya zo ya kore wannan camfi.

Maganin waɗannan aikin kafinta ne. A gano kafar da suke bi, yawanci tsakanin kan bango da kwano ko inda katakon baki ya ruɓe. A jira bayan magariba dabbobin su fita, sannan a toshe da ragar ƙarfe mai ƙananan ido, a bi da siminti. Kuskuren da ake yawan yi shi ne toshewa da rana suna ciki: su mutu a silin, wari ya cika gida kwana da kwanaki, sai a ce ga shi nan aljanin ya fusata. Mai share kashin jemage ya ɗan jiƙa shi da ruwa tukuna, ya rufe hanci da baki, domin ƙurarsa na iya ɗauke da cutar huhu. Kada kuma a yarda a jefa ƙwayar maganin hatsi ko a kwarara fiya-fiya a silin ana kwana a ƙasa, gubar tana saukowa kan masu barci.

Yanzu sai kaya. Abin da aka saba haɗawa shi ne jarkar ruwan tofi, man zaitun, man habbatus sauda, garin magarya, gishiri, da ƙullin turare. Man zaitun da habbatus sauda abubuwa ne masu asali, matsalarsu kawai tsada da algus, don ana samun irinsu a kasuwa da rahusa, kuma mutum na iya yin tofinsa da kansa. Ganyen magarya bakwai da ake dakawa a zuba a ruwa, magabata ne suka ambace shi, Ibnu Hajar ya kawo shi daga Wahbu ɗan Munabbihu, kuma a kan wanda aka ɗaure ga iyalinsa ne aka faɗe shi. Ba hadisi ba ne, bai kuma kamata a sayar da shi da sunan hadisi ba. Ruwan gishirin da ake cewa a yayyafa a kusurwoyi huɗu na kowane ɗaki har kwana bakwai yana da ɓarnar da ba a faɗa wa mai saye: gishiri yana cin ƙafar bangon ƙasa, yana tayar da fenti da filasta, yana sa ƙyauren ƙarfe tsatsa, in kuma ya shiga soket sai wuta ta riƙa tartsatsi ko ƙwan lantarki ya riƙa lumshewa, abin da zai ƙara wa iyali tsoro. Wanda zai yayyafa ruwan tofi ya yi da zallan ruwa, kaɗan, nesa da wayar wuta, ban da banɗaki.

Turaren shi ne abin da ya sa muka ga wajibi ne a rubuta wannan sharhi. Umarnin da ake bayarwa a wasu shaguna shi ne a cika kasko da garwashin gawayi, a zuba ƙullin, a rufe ƙofa da taga ruf don kada hayaƙin ya fita, wani lokaci har a ce wanda ake zargin an shafa ya zauna ciki ya lulluɓa da bargo. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Farkon alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da bugun zuciya. In ta ƙaru sai ruɗewa, gane-gane da jiye-jiye, suma, har mutuwa cikin barci. A duba da kyau: waɗannan su ne daidai alamun da ake fassarawa da cewa aljani ya ji turare ya fara motsi, sai a ƙara garwashi. A wasu ƙullin kuma akwai farar wuta da barkono, waɗanda hayaƙinsu ke shaƙe mai asma da jariri da tsoho cikin 'yan mintuna. Babu wani ingantaccen hadisi da ya ce hayaƙi na korar aljani. Wanda ke son ƙamshi a gidansa ya sa turaren wuta na al'ada, garwashi biyu ko uku, taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Wannan iska ba daga turare kaɗai take zuwa ba. Janaretan da aka ajiye a baranda ko ƙarƙashin matakala ko bayan tagar ɗakin kwana saboda tsoron ɓarayi, da kaskon jin ɗumi da ake shiga da shi ɗaki cikin hunturu, duk tushenta ne. Tun a 1921 wata mujallar likitocin ido a Amurka ta buga labarin wani iyali da suka tare a wani tsohon gida suka riƙa jin takun tafiya, suna ganin mutane a bakin gado, suna jin an danne su, ga ciwon kai kullum. Da aka bincika, murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana tura musu wannan iska, da aka gyara komai ya tsaya. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai rukiyya ya yi ita ce ina ake kunna janareta. Alamar da ba ta ɓata ita ce: duk mutanen ɗaki suna tashi da ciwon kai tare, suna jin sauƙi in sun fita waje, abin ya dawo in sun kwana. Janareta ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa na kallon waje. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji wannan iska, daban take da mai jin hayaƙin gobara, a karanta jikin kwalin kafin a saya. A ajiye ta a ɗakin kwana daidai tsayin gado.

Dannau ma haka ake sayar wa mutane magani a kansa ba bayani. Lokacin mafarki jiki yana sake gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yana riga jiki farkawa, sai mutum ya buɗe ido ya kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, guntun mafarkin ya haɗu da duhun ɗaki ya ga kamar wani na tsaye. Yana ɗaukar daƙiƙu zuwa 'yan mintuna ya sake. Ya fi samun mai kwana rigingine da mai ƙarancin barci da mai damuwa, wanda duk ke tsoron gidansa kuwa ya haɗa biyu daga ciki. Kwanciya ta gefen dama da alwala da azkar, wadda ita ce sunna, tana rage shi ta kowace fuska.

Akwai abubuwan da in an gan su sai a sallami mutum nan take, komai girman rawaninsa. Malamai sun yi ittifaƙi a kan sharuɗɗa uku na rukiyya: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa, da lafazin da ake gane ma'anarsa, kuma a ƙudurta cewa Allah ne mai warkarwa. Wanda ya tambayi sunan mahaifiya, ko ya nemi a yanka baƙin bunsuru ko jan zakara a zuba jinin a bakin ƙofa, ko ya ce a ajiye wa masu gida nono a kusurwa, ko ya yi ta gunguni da kalmomin da ba a ji, wannan bokanci ne da rigar malanta. A garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance, wanda ya yi wa'azi a kan masu yanka ga itatuwa da duwatsu, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru don karantar da mata har ƙauyuka, bai kamata a ce irin wannan na samun kasuwa ba. Haka nan mai keɓewa da matar aure ko budurwa a ɗaki, da mai dukan marar lafiya da sunan dukan aljani. Sai masu tono: a nuna wuri a tsakar gida, a haƙa, a fito da laya ko ƙaho ko kwalba, kuɗi ya ninka. In har za a tona, ɗan gida ya riƙe fartanya, Malam da yaransa su tsaya nesa, kuma a lura ko ƙasar wurin ta taɓa motsuwa kwanan nan.

A tsofaffin gidajen cikin gari akwai ƙarin haɗari biyu. Rijiya ko masai da aka daɗe da rufewa suna tara gurɓatacciyar iska a ƙasa, wanda ya shiga ya faɗi, mai zuwa ceto ya bi shi, sai a ce aljanin rijiya ne ke ja. Kada kowa ya sauka don ciro wani abin da aka ce an binne. Maciji kuma, gaskiya ne a Risala an ambaci yi wa macijin gida gargaɗi na kwana uku a Madina, aka ce yin haka a wani gari ma yana da kyau. Amma cikin waɗannan kwanaki a kwashe yara daga ɗakin, a ɗaga shimfiɗa daga ƙasa, a kawar da tarkace da buhunan hatsi, domin ɓera macijin yake bi, kuma duk wanda ya sara asibiti za a nufa da shi kai tsaye.

Muna ƙara wa mai rukiyya daraja idan ya san inda iyakarsa take. Yaron da ke zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya da surutai, musamman a bazara, ana jin tsoron sanƙarau ne, cutar da ta yi ɓarna a Sakkwato da Zamfara a 2017, kuma awoyi kaɗan na jinkiri suna da tsada. Mai faɗuwa yana kumfa ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba, a gwada shi a kan farfaɗiya. Wanda ke jin muryoyi shi kaɗai ko a gida ko a kasuwa, ya daina barci da wanka, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ana iya yin tofi a mota a kan hanyar zuwa, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ga mai gidan da ya rasa barci, tsarin da muke ba da shawara shi ne ya kira mai karatu da kafinta a rana guda. Kafinta ya hau silin da la'asar tun da sauran haske, ya duba kafofi da katako da wayoyi da bututun tankin ruwa. A fitar da janareta da kasko. Malam ya sauke Baƙara a bayyane bayan magariba, iyali na zaune. A karɓi man zaitun in ana so, a bar musu ƙullin turaren. Sannan har mako biyu wani babba a gidan ya riƙa rubuta lokacin da aka ji kowace ƙara da ɗakin da ta fito, domin wannan takarda ita za ta nuna ko kwano ne, ko jemage, ko famfo, kafin a sake biyan kowa kuɗin zuwa na biyu.